Zuwa Jasper da iyali ta hanyar tsaunuka: a yi ta a wuni ɗaya ko a kwana a hanya?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. Hajiyarmu tana nan Calgary, ƙasar Kanada, tun bayan ƙaramar salla, ƙarshen Agusta kuma za ta koma Katsina. Tun zuwanta ban da masallaci da kantuna da gidajen 'yan uwa babu inda muka kai ta, ga shi duk ranar da gari ya yi wasai sai ta tsaya a taga tana hango tsaunukan yamma, tana tambaya ko da mutane a cikinsu. Yara sun samu hutu, to ina so mu fita a watan Yuli. Tsarina shi ne mu tashi ranar Asabar da an idar da sallar asuba, mu tsaya Banff, mu ga tafkin Louise da na Moraine, mu hau hanya mai lamba 93 mu ga tafkin Peyto da ƙanƙarar tsauni ta Athabasca, mu kwana garin Jasper, Lahadi mu juyo. Ni ne da mai ɗakina da yara uku da Hajiya, a mota mai kujera bakwai. Autan shekararsa uku. Wanda ya taɓa yi ya gaya mini ko hakan zai yiwu.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumussalam. Zai yiwu mana, me zai hana? Kilomita 400 ne da 'yan kai, in ba tsayawa awa biyar ka isa. Ga shi a Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. Lokaci har ya yi muku yawa. Cika tanki kawai ka kama hanya.

Maman Sadiq:
Ɗan Zazzau, da jin amsar nan an san tuzuru ne ya ba da ita. Ka ce in ba tsayawa. To in ba za a tsaya ba me aka je yi? Baban Ilham, kada ka biye masa. Da yara uku da dattijuwa, duk inda ka ce minti goma za a yi ka rubuta arba'in. A nemo takalmin wannan, a sa wa wancan rigar sanyi, a bi layin banɗaki, a ɗauki hoto, a sake ɗauka saboda wani ya rufe ido.

Sannan akwai abin da tsarin naka bai san da shi ba. Tun 2023 aka hana motocin gida shiga hanyar Moraine. Sai dai bas ɗin hukumar gandun daji ko na 'yan kasuwa, kuma kujerar sai an kama ta intanet tun da wuri. Sukan saki wasu kujerun kwana biyu kafin ranar, amma kafin ka ƙifta ido an wawashe. Shi tafkin Louise ba a hana mota ba, sai dai wurin fakin na bakin ruwa yakan cika tun da duku-duku a lokacin zafi, kana isa ma'aikata su nuna maka hanyar juyawa. Ga Hajiya a mota, ga yara sun ƙosa. Ni ban ba ka shawarar ka haɗa tafkunan nan biyu da hanyar 93 a wuni ɗaya ba.

Injiniya:
Maman Sadiq ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da bayanin ita kanta hanyar, don mutane sukan kalle ta a taswira su ɗauka miƙaƙƙiya ce da za a taka mota yadda aka ga dama. Daga mahaɗar Louise zuwa garin Jasper kilomita 232 ne, hannu ɗaya na mai zuwa ɗaya na mai dawowa, iyakar gudu 90, a wasu wuraren ma ƙasa da haka. Sau biyu take hawa sama da mita 2000, a Bow Summit da kuma mashigar Sunwapta. A 1931 aka fara aikinta, lokacin da tattalin arziƙin duniya ya karye, don a sama wa marasa aiki abin yi. Galibin aikin da hannu da dawakai aka yi shi, aka buɗe ta a 1940. Tun asali don kallo aka yi ta, shi ya sa ba a barin manyan motocin kaya su bi.

Gidan mai ɗaya ne tak a tsakani, a Saskatchewan River Crossing, kusan kilomita 80 daga Louise. Ya fi na gari tsada, da hunturu kuma a rufe yake. Ka cika tanki a Canmore ko Louise. Sabis ɗin waya kuwa da ka bar Louise ka yi sallama da shi, yawancin hanyar babu. Ka sauke taswira a waya tun daga gida, ka kuma gaya wa wani lokacin da kake sa ran isa. Takardar shiga gandun daji dole ce a wannan hanyar ko da ba ka da niyyar fitowa daga mota. Akwai ta iyali da ke ɗaukar har mutum bakwai a mota guda, waɗanda ba su kai shekara 18 ba kuma ba sa biya.

Na Gida Kano:
Ikon Allah. Wato ku can kuɗi za ku kashe, ku ƙona mai, don kawai ku je ku kalli ƙanƙara? Mu nan da azumin bana layi muka riƙa bi muna sayenta a leda saboda rashin wuta. Baban Ilham, in kun je ka cika kula ka aiko mana.

Baban Ilham:
Na Gida, kafin ta iso Kano ai ta zama ruwan alwala. Na gode Maman Sadiq, na gode Injiniya, maganar Moraine sam ban ji ta ba. Ga wata tambayar. Ƙatuwar motar nan da ake shiga ta hau da mutane kan ƙanƙarar, ta cancanci kuɗinta? Na duba farashi na ga ba wasa ba ne.

Alhajin Red Deer:
A nawa ganin ɓarnar kuɗi ce. Mutum shida, ka lissafa tikiti ka ga in bai kai kuɗin ɗakin kwana ba. Kuma me za a yi muku? A loda ku a bas, a sauya muku wata mota mai tayoyin da suka kusa kai tsawon mutum, a kai ku wani fili da aka share aka kewaye, a ba ku 'yan mintoci ku yi hoto cikin cunkoso, a ce ku hau mu tafi. Daga nan a wuce da ku gadar gilashin nan da ke rataye mita 280 a saman kwarin Sunwapta, wadda na tabbata Hajiya ba za ta taka ba ko da kujerar Makka aka ajiye mata a ƙarshenta.

Alhali akwai turba kyauta. Ka ajiye mota a ƙasa, ka taka har kusa da bakin ƙanƙarar. Abin da ma ya fi ratsa zuciya a nan yake. An kakkafa alluna, kowanne ɗauke da shekarar da bakin ƙanƙarar yake a daidai wurin. Na farkon ƙarnin da ya wuce tun kana cikin mota za ka wuce su. Ka sauka ka fara hawa, ka wuce na 1982, ka wuce na 1992, ka wuce na 2006, har yanzu tsakuwa kake takawa, ita tana can gaba. Wanda ya hau mota ba ya ganin wannan. Gani ya kori ji, kuma yara ba za su manta ba.

Anti Nas:
Alhaji, ranka ya daɗe, turbar nan gajera ce amma fa hawa ce, ga tsakuwa mai zamewa, ga iska mai sanyi da ke gangarowa daga kan ƙanƙarar ba ta tsayawa. Kai da ka saba tattaki ba za ka ji ba. Baban Ilham, yaya lafiyar Hajiya? Akwai hawan jini ko ciwon gwiwa?

Baban Ilham:
Duka biyun akwai, Anti. Tana shan maganinta kullum, amma bene in ya yi tsawo sai ta huta a tsakiya.

Anti Nas:
To ka gani. Wurin kusan mita 2000 yake sama da teku, iskar shaƙa ta ɗan ragu, mai lafiya ma yakan yi haki. Ban ce kada ta je ba. Amma a ɗauko maganin a jakar hannu, ba a cikin akwati a but ba, a riƙa ba ta ruwa ko ba ta nema ba, in ta ce kanta na juyawa a zaunar da ita. A tsallaken titi akwai babban gini na baƙi mai baranda, ga banɗaki na zamani, ga wurin zama, kana kallon ƙanƙarar gaba da gaba. Can ya fi dacewa da ita. Ka kuma duba inshorar lafiyarta ko ba ta ƙare ba, don asibiti sai Banff ko Jasper, tsakani babu komai.

Sai sutura. Zani da mayafi ba za su yi ba ko da a Yuli ne. A sa mata wando mai kauri a ciki, da safa, da rufaffen takalmi mai kama ƙasa, da jaket a ƙarƙashin hijabi. Za ta ce ita ba yarinya ba ce, a lallashe ta. Kuma na san halin iyayenmu, za ta ce a ciro auta daga kujerarsa a ba ta ta rungume tunda yana kuka. Dokar lardinmu na Alberta ba ta yarda ba, hanyar kuma lanƙwasa gare ta. In ya yi kuka a tsaya.

Ɗan Zazzau:
Ni ma ina bayan Alhaji a kan motar nan. Ba irinta ba ce ta kife da mutane a 2020?

Injiniya:
Ita ce. A Yulin 2020 ɗaya ta ƙwace a gangaren da ke sauka kan ƙanƙarar ta wuntsila, mutum uku suka rasu, da dama suka ji rauni. Bayan nan aka sa musu bel a kujeru. Ba na raina abin da ya faru, amma in haɗari ake tsoro a wurin nan, na fi jin tsoron direban da ya tashi tun asuba yana gyangyaɗi a kan hanyar dawowa, da kuma masu tsallake igiya a bakin ƙanƙara don su yi hoto.

Hauwa Ɗaliba:
Tunda an zo fannina bari in sa baki, a yi mini afuwa in na yi tsawo. Abin da ake gani daga titi harshe ɗaya ne kawai da ya zubo daga filin ƙanƙara na Columbia, wanda yake can sama a bayan tsaunuka, kuma shi ne mafi girma a duk tsaunukan Rocky. Dusar da ta zuba da hunturu ba ta gama narkewa ba wata ta zo ta danne ta, shekara kan shekara, har nauyi ya matse iskar da ke ciki, ta koma ƙanƙara mai tauri mai launin shuɗi. In ta yi kauri sosai sai ta fara gangarowa da nauyin kanta, santimita kaɗan a rana. Ta Athabasca tsawonta wajen kilomita 6 ne, kaurinta daga mita 90 zuwa 300. Wannan motsin shi ke tsattsaga ta. Wata tsagar 'yar dusa ce kawai ta rufe bakinta, mutum ya taka ya rufta, a ƙasa kuma ruwan sanyi ne ke gudu. An rasa rayuka a daidai bakin nan da Alhaji yake magana, har da ƙaramin yaro, kuma sanyi ne ke kashe mutum kafin a iya zaro shi. Don Allah duk wanda ya bi turbar ya riƙe hannun yaransa, kada a wuce igiya. Mai son ya taka ƙanƙarar da ƙafarsa akwai 'yan jagora da ke ba da ƙarafan ɗaurawa a takalmi su shiga da mutane, amma wannan ba na Hajiya da ɗan shekara uku ba ne.

A kan hanyarta kuma tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta ya zama gari mai laushi, ruwan narkewa ya kwashe shi zuwa tafkuna. Garin ba ya nutsewa da wuri, yawo yake cikin ruwa, hasken rana in ya buge shi sai ya ba da launin nan tsakanin shuɗi da kore da ake gani a Peyto da Louise. Mutanen gida in an tura musu hoto sukan ce gyara shi aka yi a waya. A Yuli da Agusta launin ya fi fitowa, don lokacin ne narkewa ta fi yawa, wato Baban Ilham ka zaɓi wata mai kyau.

Ga kuma abin gaya wa yara. Akwai tsauni a saman filin da ake kira Snow Dome, ruwan da ya narke a kansa gida uku yake rabuwa. Wani ya bi kogin Athabasca ya haɗu da Mackenzie ya faɗa tekun Aktik, wani ya bi North Saskatchewan ya ratsa Edmonton ya ƙare a Hudson Bay, wani ya bi kogin Columbia zuwa tekun Pasifik. Ku mutanen Calgary kuma kogin Bow da kuke sha daga ƙanƙarar Bow ya faro, za ku hango ta a bayan tafkin Bow. Shi wannan tafkin a gefen titi yake, babu hawa ko kaɗan, Hajiya za ta iya zuwa har bakin ruwa.

Ɗan Zazzau:
Hauwa, karatu ya yi daɗi. Amma maganar nan ta wai ƙanƙara na ƙarewa saboda ɗumamar yanayi, ni fa ban cika gamsuwa ba. A Janairu nan Calgary sanyi yakan kai 30 ƙasa da sifiri, mota ta ƙi tashi. Ina ɗumamar take? Ikon Allah ne kawai, ta ja baya yau ta dawo gobe.

Hauwa Ɗaliba:
Yaya, ba ji-ta-ji-ta ba ce, awo ne. A tsakiyar ƙarni na 19 bakinta ya kai har inda titi da wurin fakin suke a yau. Cikin shekara 125 ɗin da suka wuce ta ja baya sama da kilomita 1.5, ta rasa kusan rabin jikinta, kuma duk shekara kaurinta na raguwa da wajen mita 5. Sanyin mako guda a Janairu ba shi ne lissafi ba. Lissafin shi ne nawa ya zuba da hunturu, nawa ya narke da bazara, kuma an daɗe narkewa na rinjaye. Tokar gobarar daji ma tana sauka a kanta ta baƙanta ta, baƙi kuwa ya fi jan zafin rana. Mu masu karatun ruwa damuwarmu ƙarshen Agusta ne, lokacin da dusar tsaunuka ta ƙare, ruwan sama ya ɗauke. A lokacin ƙanƙarar nan ce ke tallafe da koguna, manoman kudancin Alberta kuma da kogin Bow suke ban ruwa.

Alhajin Red Deer:
Tunda an ambaci gobara, Baban Ilham ka kama ɗaki a Jasper kuwa? A Yulin 2024 wutar daji ta shiga garin, aka kwashe mutum wajen 25,000 cikin dare, gine-gine 358 suka ƙone daga cikin 1,113. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Da ma can ɗaki a Jasper da bazara sai mai rabo, balle yanzu. In ba ka samu ba ka duba Hinton, kilomita 80 gabas da garin, ya fi sauƙi. Kuma kada ka yi mamaki in ka kusa isa ka ga itatuwa baƙi ƙirin a tsaitsaye, daga wajen magangarar ruwa ta Athabasca har gari. Ita magangarar ka tsaya, hanyarta shimfiɗaɗɗiya ce, ƙarar ruwan kaɗai ta isa kallo.

Malam Sani:
Ɗan Zazzau, ikon Allah ne, wannan babu mai musu. Amma faɗin haka bai hana a duba sababi ba, mai ciwo ma ikon Allah ne ya kwantar da shi kuma ana tambayar me ya ci. Ka bar Hauwa da awonta.

Ni abin da ya shigo da ni daban ne. Baban Ilham, ban ji maganar salla a tsarinka ba, ita ce kuwa takan rikita mutanenmu a hanyar nan. Tafiyarku ta kai ta kasaru, don a wurin malamanmu na Malikiyya mil 48 ne, wajen kilomita 80. Azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu, muddin ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Akwai kuma rangwamen haɗa azahar da la'asar, da magariba da lisha, ga matafiyi. A Yuli wannan ba ƙaramar rahama ba ce ga direba, magariba wajen 10, lisha bayan 11, asuba kuma ta riga ta matso.

Ɗan Zazzau:
Allah gafarta Malam, ke nan sai mun ci kilomita 80 ɗin tukuna, kamar wajen Canmore, sannan a fara kasaru?

Malam Sani:
A'a. Tsawon tafiyar da aka yi niyya ake dubawa, ba wanda aka riga aka ci ba. Da kun bar gine-ginen garinku kun shiga hukuncin matafiyi. Sai kuma alƙibla. Mun taso da sanin gabas, amma daga Alberta arewa maso gabas take, ta ma fi kusa da arewa. A gida Hajiya ta riga ta san inda take shimfiɗa darduma, a daji kuwa za ta dubi rana ta ce ga gabas can. A nuna mata cikin ladabi. Ka duba a waya tun kana da sabis.

Maman Sadiq:
Malam ya tuna mini. Buta! Banɗakunan wuraren tsayawa a hanyar nan yawancinsu masai ne na rami, babu famfo babu ruwa. Ku tafi da buta biyu da jarka cike. Ruwan alwalar Hajiya kuma a zuba mai ɗumi a filas daban, ruwan tafkunan nan in ka sa hannu sai ka ji har cikin ƙashi.

Na Gida Kano:
Malam, in sanyi ya yi yawa ba sai su yi taimama ba? Ko babu ƙasa a can sai ƙanƙara?

Malam Sani:
Ka yi tambayar wasa amma tana da amsa. A littattafanmu na fiƙihu an ambaci halaccin taimama a kan ƙanƙara. Muna karantawa a zaure a Zariya muna mamakin wane ne zai taɓa buƙatar wannan babin. Amma mai jarkar ruwa a but da filas na ruwan ɗumi ba shi da uzurin taimama.

Uwargidan Alhaji:
An yi maganar komai ban da ciki. Maman Ilham, kada ki dogara da abincin hanya, ga tsada ga rashin tabbas a kan naman. Ki yi dafa-duka ki zuba a kula tun da dare, ki yi dambun nama, ki soya cincin, ki dafa ƙwai, shayi mai citta a babban filas. Akwai teburan cin abinci a bakin tafkuna da yawa. Amma in an gama a kwashe komai, ko ƙashi kada a bari, a zuba a kwandunan ƙarfen nan masu murfi. Dabbar beyar hancinta ya wuce misali, in ta saba da abincin mutane ƙarshenta harbe ta ake yi. Yara kuma za su ga 'yan kuregun nan suna zuwa har ƙafarsu, za su so su ba su cincin. Haramun ne a dokar gandu, tarar ciyar da dabba tana iya kai wa dala 25,000.

Injiniya:
Ƙari a kan na Uwargidan Alhaji. In kun ga motoci sun yi cirko-cirko a gefen titi, to dabba aka gani. Ka rage gudu, a kalla ta taga, a wuce. Ƙa'ida mita 100 ce tsakaninka da beyar, mita 30 da manyan barewar nan masu rassan ƙaho da ragunan dutse. Za ka ga wasu sun fito da waya suna matsawa, kada ka ɗauka sun fi ka sani ne.

Maman Ilham:
Salamu alaikum. Tun jiya nake bin zancen nan ban ce komai ba. Na gode Uwargidan Alhaji, dambu ma na riga na sayo naman. Amma na lura kowa yana yanke wa Hajiyarmu hukunci, wannan ya ce ta zauna a baranda, wancan ya ce kada ta hau mota, har shi ɗan nata bai ce bari a tambaye ta ba. Ni na zauna na karanta mata duka, na nuna mata hotuna. Ga abin da ta ce. Ita da ta yi ɗawafi da jifa da ƙafarta ba za a kawo ta har nan a ajiye ta a baranda tana kallon wasu ba. Motar za ta hau, tana so ta taɓa ƙanƙarar da hannunta. Turbar Alhaji ta yafe. Gadar gilashi kuwa ta ce ko a mafarki. Tafkuna ta ce ɗaya ko biyu sun ishe ta, ba za a yi ta saukar da ita ana hawar da ita ba. Abin da ta fi nanatawa shi ne wani masallaci da wata ƙawarta ta ba ta labari, wai shi ne na farko a ƙasar nan. Ta ce in yana kan hanya a kai ta.

Maman Sadiq:
Allah ya ja da ran Hajiya, ta kashe bakin kowa. Masallacin Al Rashid take nufi, nan Edmonton yake. A 1938 aka gina shi, shi ne na farko a Kanada, kuma mata ne suka tsaya kan tara kuɗinsa, wata baiwar Allah 'yar asalin Labanon, Hilwie Hamdon, ita ta ja gaba. Tsohon ginin an ɗauke shi ɗungurungum an kai Fort Edmonton Park, da bazara ana shiga. To magana ta ƙare, ta nan za ku biyo. Ɗakin baƙi na nan, ba na son jin maganar otal. Ina da shinkafar masa.

Anti Nas:
Tunda ta ce za ta hau, shi ke nan. A dai sani matakalar motar tana da tsayi, mutum biyu su kama ta wajen hawa da sauka, a kan ƙanƙarar kuma kada a sake ta, santsi gare ta.

Injiniya:
To ga yadda nake gani. Ku fita Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ku kwana Canmore. Asabar gaba ɗayanta ta hanyar 93 ce: tafkin Bow, sai Peyto, inda akwai 'yar hawa ta kamar minti goma sha biyar, wanda zai iya ya je, Hajiya ta huta a mota da shayinta. Ku kama tikitin ƙanƙara na bayan azahar don kada ku riƙa gudu kuna kallon agogo. Magangarar Athabasca da yamma, kwana a Jasper ko Hinton. Lahadi ku bi hanya ta 16 zuwa Edmonton, kilomita 365 daga Jasper. Litinin ku sauko Calgary ta hanya ta 2, wajen 300. Ba ku maimaita hanya ba, direba kuma bai mutu ba.

Ɗan Zazzau:
Yanzu Moraine aka jefar ke nan? Tafkin da har a bayan tsohuwar takardar dala 20 aka buga hotonsa? Haba jama'a.

Alhajin Red Deer:
Ni kuma har yanzu ina kan bakana, kuɗin motar nan ya yi yawa. Amma tunda Hajiya ta yi magana na yi shiru. Baban Ilham, ko minti talatin ne ka ja manyan yaran ku bi turbar allunan bayan kun sauko.

Baban Ilham:
Na karɓi tsarin Injiniya, zan nemi hutun Litinin a wurin aiki. Moraine da Louise kusa suke da mu, za mu ware musu wata Asabar ɗin kafin Hajiya ta koma, in an samu kujerar bas. Alhaji, in iska ba ta yi yawa ba za mu bi turbar. Maman Sadiq, Allah ya saka da alheri, a gaya wa Baban Sadiq muna tafe. Na samu ɗaki biyu a Hinton yanzun nan, Jasper babu ko ɗaya a ranar.

Shugaban Zaure:
Mutum uku sun yi mini magana ta gefe suna son su bi ayari da motocinsu. Za a buɗe ƙaramin zaure na masu tafiya, mai so ya ba da suna kafin Laraba, kowa kuma ya kama ɗakinsa da kansa.

Ɗan Zazzau:
Baban Ilham, ku shida ne, motar mai bakwai ce. Kujerar ƙarshen fa?

Baban Ilham:
Kula da jarka sun riga ka.